Minti 11 a ƙarƙashin shirwa

Ranar Asabar ɗin nan da ta wuce jirgina ya yi minti 11 a sama, ba inji ba farfela ba komai, kuma har yanzu in na kwanta na rufe ido shi nake gani yana zagaye. Na san wanda ya daɗe a harkar zai ce minti 11 ai ba wani abu bane tunda akwai masu yin awa guda, to amma ni shekara biyu kenan ina bin abun nan, kuma fiffiken da ya yi wannan tashin shine dai wanda ya karye gida biyu a watan Nuwamba har na ce na haƙura dashi.

Duk wanda ya ganni da rimot a hannu tambayar farko ita ce, dron ne? A'a ba dron bane. Gulaida ake ce masa, jirgi mara inji. Nawa faɗin fiffikensa mita 2 ne, nauyinsa giram 750 da batir da komai, abin da ke cikinsa na lantarki kawai risiba ce mai karɓar saƙon rimot, da sabo guda biyu, wato 'yan ƙananan motocin nan da ke motsa wutsiya, ɗaya na juya shi dama da hagu ɗaya na ɗaga hanci ko sauke shi. Shikenan. Rimot ɗin kuma FlySky ne mai arha, 2.4GHz, irin wanda kusan kowa ke farawa dashi.

Abin da ya kamata mutum ya fara ganewa, wanda ni ya ɗauke ni lokaci kafin ya zauna min a kai, shine gulaida kullum faɗowa yake. Daga lokacin da ya rabu da igiya gangarowa yake yi, a hankali dai, nawa kamar rabin mita a duk daƙiƙa. In na harba shi ya kai mita 80 kuma iska a kwance take, kafin minti 3 ya cika yana ƙasa. Duk abin da ya haura minti ukun nan ba ƙarfin jirgin bane, iska ce ta ba ka. Rana tana dukan ƙasa, ƙasa tana zafafa iskar da ke kanta, iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, sai ta taru ta taru har ta ɓalle ta yi sama kamar hayaƙin da ba a gani. In iskar nan tana hawa da mita 2 a daƙiƙa kai kuma kana saukowa da rabin mita a cikinta, ka ga kana hawa kenan da mita ɗaya da rabi. Masu harkar suna kiranta tamal. Mu kuma duk mun santa tun muna yara, don guguwar nan ta bazara da ke kwasar leda da karmami ta murɗa su ta yi sama, ita ce dai, sai dai wannan ta yi ƙarfi har ta ɗebi ƙura ta nuna kanta. Mafi yawansu ba sa nuna kansu, kai zaka nemo su.

Ni asalina ɗan motar kara ne. Muna yara bayan girbi mu ɓare karan dawa mu cire totuwar mu yi mota, wanda ya samu gwangwala kuwa ai ya zama babba a unguwa, kuma na sha yin jirgin kara da fiffike biyu na wurga shi daga kan katanga ya faɗo kamar dutse ban san dalili ba. Sai da na girma na fara kallon bidiyo a YouTube na gane ba rashin nauyi kaɗai ke sa abu ya tashi ba, akwai siffar fiffike akwai kuma inda nauyin ya taru.

Katakon da duniya ke gina irin jiragen nan dashi sunansa balsa, akasarinsa daga ƙasar Ekwado yake fitowa a Kudancin Amurka, in ka ɗauki falle ɗaya zaka rantse ba katako bane. Shahararren jirgin 'yan koyo, Gentle Lady na kamfanin Carl Goldberg wanda ya fito tun wajen 1980, duk balsa ne, shima kusan mita 2. A nan Kano balsa sai dai ka yi oda daga waje ka jira makonni, da kuɗin dala da na aike ya fi ƙarfin aljihuna, shi yasa na koma farin soson nan da ake tallafe firji da talabijin dashi a cikin kwali. Amma ga abin da ya ba ni mamaki kuma ya min daɗi. Ina karanta yadda Jamusawa ke haɗa manyan gulaidarsu sai na ga suna yanka fiffike da soso su lulluɓe shi da siririn fallen wani katako da suke kira abaci. Da na bi diddigi ashe obeche ne, obechen nan namu na dazukan kudancin Najeriya, wanda a Gana ake ce masa wawa a Kamaru kuma ayus. Katakon da kafintocinmu ke ɗauka mara daraja saboda laushinsa, shi ake kaiwa Turai ana yin fiffiken jirgi dashi. Washegari na tafi 'Yan Katako a Na'ibawa na zaɓo guntu mara kulli, na kai wa wani kafinta ya tsaga min shi sirara sirara. Fallen da bai kai milimita ɗaya ba irin na Jamusawa kam ba zai samu a injin kafinta ba, amma ya ishe ni yin ƙashin bayan fiffike da bakinsa na gaba, kuma da shi na yi gangar jikin.

Yankan soso da waya mai zafi ake yi. Wayar hita na warware na miƙe ta a jikin katako kamar baka, na jona da batirin mota, sai a manna samfurin siffar fiffike na filawud a kowane gefen soson a bi shi da wayar a hankali, mutum biyu ake so, ɗaya a kowane gefe, kuna ƙirga lamba tare don kar wani ya riga wani. Ɗan yayata ne abokin aikina a nan, shekararsa 13, kuma hannunsa ya fi nawa natsuwa. Siffar da na yi amfani da ita Clark Y ce, tsohuwa ce tun 1922, ƙasanta a shimfiɗe yake shi yasa take da sauƙin yanka. Akwai na zamani da suka fi ta, irin waɗanda Farfesa Mark Drela na jami'ar MIT ta Amurka ya zana ya sake su kyauta a intanet har da cikakken zanen jirage kamar Bubble Dancer da Allegro, amma waɗannan sirara ne ƙwarai kuma suna son hannu mai kyau, kuskuren milimita ɗaya ya ɓata amfaninsu. Sai nan gaba in Allah Ya yarda.

Gargaɗi ɗaya tunda ni na riga na yi asarar fiffike guda a kansa: kar ka kusanci farin soso da sufa gulu, narkar dashi yake nan take ya bar maka rami. Farin gam na kafinta ko aradait su ne nasa. Gam ɗin kyandir kuma na bindiga yana da saurin aiki amma ka bar jirgi a but ɗin mota da ranar Afrilu ka dawo ka tarar wutsiya ta karkace. Na lulluɓe nawa da salatif mai faɗi na ɗaure kwali, sama fari da ja, ƙasa baƙi wuluk, saboda a hazon hunturu farin jirgi ɓacewa yake a ido tun bai yi nisa ba, baƙin ne kaɗai ke fitowa.

Harba shi da roba ake yi. Turke a ƙasa, roba mita 30, sai igiyar kamun kifi mita 100 a ɗaure da ita, a ƙarshenta zobe da 'yar ƙaramar laima. Ka ja da baya har robar ta miƙe sosai, ka maƙala zoben a ƙugiyar da ke ƙarƙashin jirgin, ka fuskanci iska ka sake shi. Zai miƙe sama tsaye yana kukan iska, in ya zo saitin turken zoben ya zame da kansa laimar ta sauko da igiya. Asalin robar da ake amfani da ita irin ta asibiti ce mai rami a tsakiya, ni da tib ɗin babur na fara, na yayyanka na ƙulla, yana aiki amma fizga yake ba ja a hankali ba kuma rana na cinye shi da wuri.

A kan robar nan jirgin ya karye. Laifina ne kuma na san daidai inda na yi shi. Kowane jirgi yana da wurin da ya kamata nauyinsa ya daidaita, in ka ɗora shi a kan yatsu biyu ƙarƙashin fiffike ya tsaya bai rinjaya gaba ko baya ba, kuma wurin yana kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffiken daga gaba. Nawa faɗinsa santimita 20 ne, na sa alama a shida da rabi. To batirin da ke hanci ya mutu na sa wani da ya fi shi rashin nauyi, bambancin bai fi giram 30 ba, na ce ba komai ban sake aunawa ba don ina sauri kar rana ta yi. Masu harkar suna cewa jirgin da hancinsa ya yi nauyi tashinsa ba daɗi, wanda wutsiyarsa ta yi nauyi kuma sau ɗaya yake tashi. Ina sakinsa hancin ya ɗaga fiye da ƙima, fiffiken hagu ya daina ɗauka, ya kife, robar kuma bata san an yi ba tana ta jansa, ta maka shi a kan kututturen dawa. Ƙarar har yanzu tana kunnena. Ɗan yayata ya ruga ya tsaya a kansa ya kasa taɓawa, ya juyo yace Kawu ya mutu ko? Na kasa ba shi amsa.

Sati biyu yana jingine a bayan ƙofa ban kalle shi ba. Uwargida ce ma ta ce ko dai ka gyara shi ko ka fitar min dashi daga ɗaki, ganinsa a haka ya fi damunka. Gaskiya ta faɗa.

Abin da ya cece ni shine ranar da abin ya faru yaron ya tsince duk wani ɓarɓashi ya zuba a leda, har guntun da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Soso in ya karye baya yin ƙarya, kowane guntu yana komawa mazauninsa daidai, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya da farin gam kamar mai ɗorin ƙashi. Babban aikin ƙashin bayan ne. Ba a haɗa katakon da ya karye baki da baki, zai sake ɓallewa a wurin, sai dai a fere bakunan biyu a karkace, doguwar fira, tsawonta ya kai kamar sau goma na kaurin katakon, yadda gam zai samu fili mai yawa ya kama. Na yi haka da sabon obeche, na sa aradait mai jinkirin bushewa ba mai minti 5 ba don wancan yana saurin tsagewa, na naɗe wurin da zaren ɗinki na shafe, sannan na kwantar da fiffiken a kan gilashin tebur na danne da littattafai ya kwana biyu don kar ya murɗe. Murɗewa ita ce abar tsoro, fiffiken da ya murɗe ko kaɗan ne zai riƙa jan jirgin gefe ɗaya kuma ba rimot ɗin da zai gyara maka. Da na gama gefen hagu ya fi na dama nauyi da giram 14, sai na tura 'yar darma a ƙarshen na dama har suka yi daidai. Kuma wannan karon na auna hanci sau uku. Wallahi na fi sanin jirgin nan a sati ukun da na yi ina ɗorinsa fiye da lokacin da na gina shi.

Wurin da nake tashi gonaki ne a bayan gari, nesa da filin jirgin Malam Aminu Kano sosai. Mutane na ce min me zai hana ka hau Dala ko Goron Dutse tunda iska in ta daki tudu sama take yi, haka ne ana tashi a jikin tudu har awanni, amma waɗannan gidaje ne kewaye dasu kuma cikin gari ne, ba wurin wannan bane. Tun 2016 hukumar NCAA mai kula da harkar jiragen sama a Najeriya ta fitar da sanarwa cewa jirage marasa matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, don haka duk mai sha'awa ya fara binciko abin da doka ta ce kafin ya sayi ko sabo ɗaya. Kuma a halin da ake ciki na rashin tsaro mutumin ƙauye yana da gaskiya in ya ga baƙon abu na shawagi a kan gonarsa hankalinsa ya tashi. Ni kafin na fara sai da na je na gaida mai unguwa, na buɗe masa cikin jirgin ya gani da idonsa ba kyamara, sannan na nemi mai gonar.

Mai gonar dattijo ne, kuma shine ya ba ni minti 11 ɗin nan. Ya sha zama a gindin darbejiya yana kallona ina harbawa ina saukowa, minti biyu, minti uku, harba sauko. Ranar Asabar da na gaishe shi sai yace, yaro wai me kake nema a saman ne? Nace Baba iskar da ke hawa nake nema, irin wadda shirwa ke bi. Yayi dariya yace to ai ba nan take ba, kuma ka yi sammako da yawa. Ka bari hantsi ya dubi ludayi, ka duba can wajen kukar nan inda faƙo yake, kullum daga nan suke hawa. Shekara nawa yana ganinsu, bai taɓa jin kalmar tamal ba amma ya san gidanta. Kuma in ka duba maganarsa daidai take da abin da ke littafi, faƙo ba ciyawa ba danshi, shi ke fara ɗaukar zafi, ga layin bishiyoyi a bayansa da ke tare iska har ta taru.

Na jira har wajen 11 da rabi. Iskar gabas da ke kaɗawa tun safe sai ta ɗauke ɗif, wuri ya yi ɗumi, zaren kaset da na ɗaura a sanda ya faɗi sannan ya fara nuna wajen kukar, alamar akwai abin da ke zuƙar iska ta can. Na harba. Na miƙa shi wajen faƙon ina ƙoƙarin kar na taɓa sandar rimot da yawa, don in kana ta motsa shi ba zaka gane motsin iska da naka ba. Yana zuwa sai fiffiken dama ya ɗaga da kansa, jirgin ya karkata hagu kamar an ture shi. Da can in haka ta faru bin shi nake yi, ashe korata iskar ke yi, gefen da ya ɗaga nan abin yake. Na juya dama na shiga, wutsiyar ta ɗaga, ya ƙara kuzari, na kwantar dashi a zagaye.

Zagaye na farko rabi hawa rabi sauka. Na matsa da'irar wajen da ya fi hawa, na biyu ya fi, a na huɗu kam ba tambaya, ƙanƙancewa yake yi a idona. Ɗan yayata na rike da waya yana ƙirga lokaci yana cewa Kawu minti huɗu, Kawu biyar, muryarsa na rawa. Sai ga shirwa guda biyu daga wajen gari, ko fiffike basu kaɗa ba, suka shigo da'irar a samansa suna juyawa gefen da yake juyawa. Ɗaya ta sauko ta dube shi ta koma. Na ga yadda take murza wutsiyarta mai baki biyu, kaɗan kaɗan, tana matse zagayen a inda ni nake buɗewa, sai na bi ta, inda ta matse na matse, kuma duk lokacin da na yi haka sai jirgin ya ƙara sama. Ban taɓa jin abu irin wannan ba, ƙafafuna a kan kunyar dawa amma duk hankalina na can.

A nan na tuna da ungulu. Muna yara in ka ɗaga kai da rana a saman mayanka zaka gansu da yawa suna wannan zagayen, yanzu sai ka shekara baka ga ko ɗaya ba a Kano, tun 2015 ma aka sa irin tamu a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Su ne suka fi kowa iya wannan abun kuma yaron da ke gefena bai taɓa ganinsu a sama ba.

Tamal tafiya take da iska, bata tsayawa wuri ɗaya, wajen minti na takwas jirgin ya yi yamma sosai ya fara shiga hazo, baƙin cikinsa kawai nake gani yana ɓullowa yana ɓacewa. Mita 120 ne iyakar da ƙasashe da yawa suka sa wa irin jiragen nan kuma na san na kusa, ga shi ba ni da birkin iska a fiffike. Na fita daga da'irar na nufo gida, nan na faɗa iskar da ke sauka, don duk inda wata ta hau akwai wadda ke gangarowa a gefenta, ya zubo da sauri har gabana ya faɗi ko zai iso. Ya iso. Ya wuce kan kukar, na juya shi ya fuskanci gabas, ya shafo ƙasa ya tsaya taku kamar goma daga inda muke. Minti 11 da daƙiƙa 20. Na duba ɗorin, ko tsaga babu.

Baba ya taso ya zo ya ɗaga shi da hannu ɗaya yana jinjinawa, yace ashe ba nauyi. Nace Baba ai kai ka tuƙa shi yau. Yace a'a, shirwa dai. Sannan yace in bazara ta shiga na zo da wuri don iskar lokacin ta fi ƙarfi, amma da zarar shamuwa ta iso za su fara sharar gona, in an yi shuka kuma ba sauka a nan sai bayan kaka.

A duniya abin ya yi nisa, akwai ajin gasa na F3K inda ake kama ƙarshen fiffiken jirgi mai mita ɗaya da rabi a juya a wurga shi da hannu ba roba, akwai F5J mai 'yar mota da ake kunnawa daƙiƙa 30 kacal don hawa, kuma a Janairun 2021 wani Ba'amurke Spencer Lisenby ya kai gudun kilomita 882 a awa da gulaida mara inji a bayan wani tsauni a Kalifoniya. Ni dai yanzu abin da ke kan teburina sabo na uku ne da zan yi birkin iska dashi kafin Maris, da kuma soson firji guda biyu da yaron ya samo da kansa wajen wani mai shagon kayan lantarki. Yace nasa mita ɗaya da rabi yake so, kuma shi zai riƙe gefen gaba na wayar in mun zo yanka ranar Lahadi.